Daga Muhtasibi Zuwa Jami'in Ɗa'a: Tarihin Masu Tsaron Amana a Harkar Ciniki

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an sami wani muƙami a manyan kamfanoni da bankunan ƙasar nan wanda ake kiran mai riƙe da shi jami'in ɗa'a, wasu kuwa su ce jami'in bin ƙa'ida. Aikinsa, kamar yadda aka tsara a takarda, shi ne ya tabbatar ma'aikatan kamfani, tun daga masinja har zuwa manajan darakta, ba su karɓi hanci ba, ba su bayar ba, ba su ha'inci mai saye ba, ba su kuma murɗe lissafi ba. Galibin waɗanda suka yi magana a kan wannan muƙami sun ɗauke shi baƙo ne da ya zo daga Amurka, kuma ta fuskar suna da ofis lalle gaskiyarsu ne. Amma ta fuskar aikin kansa, ƙasar Hausa ta san mai tsaron amanar ciniki tun fiye da shekara 500 da suka wuce. Ta gwada shi ta hanyoyi dabam-dabam, ta ga inda ya amfani jama'a, ta kuma ga inda ya zama kura mai ajiyar nama.

Abin da muke so mu nuna a wannan takarda abu ɗaya ne. Duk lokacin da aka naɗa wani domin ya tsare gaskiyar ciniki, tambayoyi biyu ne ke yanke hukuncin ko zai yi aikin ko ba zai yi ba: daga hannun wa yake ci, sa'an nan me shi kansa zai rasa in an yi ha'inci a gabansa. Za mu ɗauki misalai daga Kano da Sakkwato, domin can ne rubuce-rubuce suka fi yawa, mu leƙa Alƙahira da Amurka inda ya kamata. Amma idonmu na kan yammacin ƙasar Katsina, watau ƙasar Ruma da ta Safana, inda mutumin Darini ko Wagini ko Runka ke kai hatsinsa da dabbarsa kasuwa, ya miƙa su ga ma'auni da dillali, yana dogara da cewa akwai wani a bayansu da zai hana a cuce shi.

Asalin hisba

Muƙamin muhtasibi ya samo asali ne daga umurni da kyakkyawan aiki da hani daga mummuna. A wajen ciniki kuwa tushensa a fili yake, domin akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma hadisi ya zo da labarin yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya iske cikinsa a jiƙe, ya tsawata wa mai shi a kan algus. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ɗora wata mata, Shifa'u 'yar Abdullahi, a kan wani sashe na al'amarin kasuwar Madina.

Littafi mafi tsufa da ya zo mana a kan hukunce-hukuncen kasuwa na wani malamin Malikiyya ne, Yahaya ɗan Umar, wanda ya zauna a Ƙairawan ya rasu a 901. Amma wanda ya tsara iyakokin muƙamin tsaf shi ne Mawardi, alƙalin Bagadaza, wanda ya rasu a 1058. Ya kamata mu ɗan tsaya a kan abin da ya tsara, domin duk wanda ya karanta takardar aikin jami'in ɗa'a na yau zai yi mamakin yadda suka yi kama. A wurin Mawardi ƙararraki iri uku ne muhtasibi ke saurare: tauye awo ko sikeli, algus a cikin kaya ko farashi, da taurin bashi daga wanda ke da halin biya. Yana da ikon ya bincika abin da ya bayyana ko ba wanda ya kawo ƙara, abin da alƙali ba shi da ikon yi. Amma in wanda ake tuhuma ya musanta, har aka kai ga kiran shaidu da rantsuwa, to magana ta fita daga hannunsa ta koma gaban alƙali. Ba a kuma yarda ya riƙa leƙen asirin mutane a kan abin da suka ɓoye ba. Watau dai muƙami ne da ke tsakanin mai wa'azi da alƙali, ya fi na farko iko, bai kai na biyu ba.

Cikin bambance-bambancen da Mawardi ya lissafa tsakanin muhtasibi da mai aikin sa kai, akwai guda da mu a ganinmu shi ne ginshiƙin sauran: muhtasibi yana da hakkin albashi daga baitulmali. Ma'anar wannan ita ce ba daga 'yan kasuwar da yake dubawa yake ci ba. Abin da ya faru a Misira zamanin Mamaliku ya nuna abin da ke biyo baya in aka rushe wannan ginshiƙi. Masanin tarihin nan Maƙrizi an naɗa shi muhtasibin Alƙahira a 1399, bai cika shekara ba aka tuɓe shi, kuma a shekarun da suka biyo baya muƙamin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Shi kansa Maƙrizi, a littafin da ya rubuta a 1405 a kan yunwa da tsadar abinci, ya sa sayen muƙamai da kuɗi, har da na hisba, cikin manyan dalilan lalacewar ƙasa. Wanda ya sayi muƙami tilas ya fanshe kuɗinsa, saboda haka muhtasiban ƙarni na 15 suka ɗora wa 'yan kasuwa wani kuɗi da ake biya wata-wata. Wanda ya biya kuwa sai ya sayar yadda ya ga dama. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Hisba a ƙasar Hausa

Sunan muhtasibi ya shigo rubuce-rubucen ƙasar nan ne ta hannun Shehu Magili, wanda ya zo Kano wajen 1492 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma zauna a Katsina. A littafin da ya rubuta a kan wajiban sarakuna ya lissafa ma'aikatan da ya kamata sarki ya samu, ya sa masu hisba a cikinsu tare da alƙalai da shaidu da ma'aji. Ba abin mamaki ba ne a ce Rumfa ne aka yi wa wannan nasiha, tun da shi ne tarihin Kano ya ce ya kafa Kasuwar Kurmi. Har ila yau, a amsoshin da Magili ya ba Askiya Muhammadu na Sangai ya yi magana a kan masu tauye awo da masu gauraya kaya mai kyau da maras kyau, ya ɗora wa sarki nauyin daidaita ma'aunai a ƙasarsa.

Amma nasiha dabam, abin da ke gudana a kasuwa dabam. Kasuwannin Hausa suna da nasu shugabanni tun da can: sarkin kasuwa, sarkin pawa, sarkin dillalai, da korama mai kula da ma'aunan hatsi. Waɗannan ba su da albashi daga fada. Daga kasuwar suke ci, su kuma kai wa na sama da su rabonsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, inda ya jera al'adun mulkin da ya ƙi, ya ambaci naman da shugaban kasuwa ke karɓa daga kowane mahauci, wanda ake kira tawasa, da audugar da ake ɗiba daga masu sayarwa, wadda ake kira agama, ya haɗa su da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Idan muka lura, ba wai kasancewar shugaba a kasuwa Shehu ya soka ba. Abin da ya soka shi ne hanyar cin abincin shugaban. Sarkin pawan da ke karɓar tsoka daga kowane mahauci kowace ranar kasuwa, da wane baki zai hana mahaucin sayar da naman da bai kamata ba?

Bayan hijira zuwa Gudu a 1804 masu jihadi sun yi niyyar mai da hisba muƙami na shari'a. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ransa ya ɓaci da ganin yadda wasu daga cikin jama'a suka fara karkata ga neman duniya, ya bar rundunar ya nufi gabas wajen 1807, mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da muƙamansa. Daga baya ya keɓe wa hisba littafi guda, Liya'u Ahlil Ihtisabi. A Sakkwato kuma an naɗa muhtasibi, ana ambaton Malam Muhammadu Julɗe a wannan matsayi a farkon daular.

To, amma mu da muke nazarin harshe da tarihi tare, akwai wata shaida da ba ta cikin littafi. Alƙali, waziri, limami, na'ibi, mufti, duk sun zauna a bakin Bahaushe har ya manta baƙi ne. Muhtasibi kuwa bai zauna ba. Ka tambayi dattijo a Batsari ko Safana wane ne ke hukunta mai tauye tiya a zamanin kakanninsa, zai ce maka sarkin kasuwa, in abin ya yi girma a kai wa hakimi ko alƙali. Wannan na nuna cewa a mafi yawan garuruwa tsohon tsari ne ya ci gaba, aka dai rufa masa rigar shari'a. A yammacin Katsina ma akwai dalili na musamman. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma da dajin Rugu suka zama bakin daga har kusan ƙarshen ƙarnin. Lokacin da Baturen nan Barth ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ayari ba ya ratsa dajin sai da shiri da tsoro. Garin da hankalinsa ke kan ganuwa da wuya ya sami sukunin naɗa mai duba mudu.

Sunan dillali a cikin ƙunshi

Duk da haka kada a ɗauka kasuwa ta zauna ba mai tsaro. Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya bar mana bayanin Kasuwar Kurmi da ya cancanci a yi masa karatun natsuwa. Ya ce shugaban kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna, shi ke tsai da farashi, yana kuma samun ɗan kamasho a kan ciniki. Bai ɓoye ha'incin da ya gani ba: mahauta na hura nama domin ya kumbura, wani ma ya liƙa gashin tunkiya a ƙafar akuya. Amma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne cinikin tufafi. In mutum ya sayi riga ko turkudi a Kano, aka kai shi Barno ko wani wuri mai nisa ba a kwance ba, sa'an nan aka buɗe aka iske ba shi da kyau, sai a mai da shi Kano. A cikin kowane ƙunshi an rubuta sunan dillalin da ya sayar. Dillalin tilas ya nemo mai kayan, mai kayan kuwa tilas ya mai da kuɗi.

A nan ne muke ganin amsar tambayarmu ta biyu. Mahaucin da ke hura nama yana sayar wa wanda zai ci yau ya manta gobe, wanda ke dubansa kuma yana cin tsokarsa. Dillalin turkudi kuwa sunansa na tafiya tare da kaya har Kukawa. La'adarsa ba ta taka kara ta karya ba in aka gwada da kuɗin kayan, amma jarinsa duka shi ne sunan nan, ranar da fatake suka daina yarda da shi ya tashi daga sana'a. Ba wanda ya naɗa shi mai tsaron ɗa'a. Tsarin cinikin ne ya sa cin amanar mai saye ya zama asararsa shi kansa.

Haka abin yake a fataucin goro da shanu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi, ba takarda ba kotu, bisa lamunin maigidan da baƙo ya sauka wurinsa. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don haka ya fi kowa sanin wanda ya cancanci a ba bashi. Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa gaskiya da amana a sahun farko na halayen da Bahaushe ke yabo. Ba mu musa ba. Sai dai muna ƙarawa da cewa a zango da kasuwa an gina wa waɗannan halaye katanga, ba a bar su ga zuciyar mutum kaɗai ba.

Zamanin kanti da sikeli

Zuwan kamfanonin Turawa ya kawo wani irin ɗan kasuwa da tsohon tsari bai san yadda zai yi da shi ba. Kamfanin Neja, wanda ya sami takardar izini daga gwamnatin Ingila a 1886 ya riƙe ta har ƙarshen 1899, shi ne mai saye, shi ne mai karɓar kuɗin fito, shi ne mai soja da kotu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni irin su John Holt da CFAO, da UAC da aka kafa a 1929, suka baza kantuna da wakilai. Manomi ya saba da mudu da tiya, abin da idonsa ke gani hannunsa ke taɓawa. Yanzu sai ga sikeli, wanda malamin kamfani kaɗai ke iya karantawa, da farashin da aka yanke a wata ƙasa. Sarkin kasuwa ba shi da iko a kan kanti. Sunan da ke jikin buhu kuwa na kamfani ne, kamfani kuma ba ya jin kunya, ba ya zuwa jana'iza, ba a hana shi auren 'yar kowa.

Ba za mu ce manomi waliyyi ne ba. Yadda 'yan baranda da malaman sikeli suka ƙware wajen danne awo, haka wasu manoma suka ƙware wajen zuba yashi a gyaɗa da yayyafa wa auduga ruwa. Maganin da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo shi ne ma'aikatan duba amfanin gona da kasuwannin auduga na hukuma, daga baya kuma hukumar cinikin gyaɗa a 1949 da ta Jihar Arewa a 1954, waɗanda ke ba wakilan saye lasisi. Amma malamin duba ya fi kula da kada a tura wa masana'antun Ingila kaya maras kyau. Kare manomi daga sikelin ƙarya ya zo a baya. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, ko wannan ɗan duban ma ya raunana.

Bayan mulkin kai hankalin gwamnatoci ya fi komawa kan ɗa'ar ma'aikatan hukuma. An kafa Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a a 1975, Alhaji Yusuf Maitama Sule ya zama shugabanta na farko. Tsarin mulkin 1979 ya zo da hukumar ɗa'ar ma'aikata, gwamnatin Shagari ta yi shelar juyin ɗa'a, ta Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984. Duk waɗannan ba su shiga cikin ofishin kamfani ba.

Yadda aka haifi jami'in ɗa'a

Muƙamin da muka fara da shi abin kunya ne ya haife shi. A tsakiyar shekarun 1970 binciken majalisar dattijan Amurka ya tono cewa kamfanin jiragen sama na Lockheed ya ba da hanci a ƙasashe da dama domin a sayi jiragensa, har da Japan da Italiya da Holan, kuma sunan Nijeriya ya fito a cinikin jiragen ɗaukar kaya na soja. Sakamakon haka a 1977 Amurka ta yi dokar da ta haramta wa kamfanoninta ba jami'an wasu ƙasashe hanci. A 1985 kamfanin makamai na General Dynamics, bayan an zarge shi da yi wa gwamnati aringizon kuɗi, ya buɗe ofishin ɗa'a, ba don ransa ya so ba sai don rundunar ruwan Amurka ta sa masa wannan sharaɗi kafin ta ci gaba da ba shi kwangila. A 1986 manyan kamfanonin makamai suka haɗu suka yi alkawarin bin wannan hanya. Abin da ya yaɗa muƙamin ko'ina kuwa shi ne ƙa'idojin yanke hukunci na 1991, waɗanda suka ce kamfanin da aka kama da laifi za a sassauta masa tara in ya nuna yana da tsari na gaske na hana laifin. Shekara guda bayan haka masu riƙe da muƙamin suka yi yawan da har suka kafa ƙungiyarsu.

Ya kamata a lura da abin da wannan tarihi ke faɗa. Muhtasibi sarki ne ke naɗa shi a kan 'yan kasuwa. Jami'in ɗa'a kuwa ɗan kasuwan ne da kansa ke ɗaukarsa, ya biya shi, ya ƙara masa girma, ya kuma sallame shi in ya ga dama. Ta wannan fuska ya fi kama da sarkin pawa mai karɓar tawasa. A kan masinja da akawu da ɗan tallan kamfani ikonsa na aiki sosai, kuma ba ma raina wannan, domin koyar da ma'aikata da buɗe musu hanyar kai ƙara a asirce ya hana ɓarna mai yawa. Matsalar na tasowa ne ranar da mai laifin ya zama wanda ke sa hannu a takardar albashinsa.

Kamfanin Enron na da littafin ɗa'a mai shafi 64. A 1999 hukumar daraktocinsa ta ɗage wa babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, sharaɗin littafin, domin ya riƙa ciniki da kamfanin ta wasu ƙananan kamfanoni da shi ke tafiyar da su. Wadda ta yi ƙarfin halin rubuta wa shugaban kamfanin gargaɗi a watan Agusta 2001, Sherron Watkins, ma'aikaciyar lissafi ce, ba aikinta ba ne tsaron ɗa'a. A watan Disamba na shekarar kamfanin ya durƙushe. Mu ma nan gida mun ga irinsa. Bayan an haɗe bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idar tafiyar da bankuna a 2006, wadda ta ɗora wa babban jami'in bin ƙa'ida na kowane banki nauyin sa ido da kai rahoto. Shekara uku kacal bayan haka, ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Banki Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna 5, aka zuba musu naira biliyan 420 domin kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Bincike daga waje ne ya tono ɓarnar. Haka nan hancin kusan dala miliyan 180 da aka bayar domin kwangilar masana'antar iskar gas ta Bonny: masu gabatar da ƙara na Faransa da Amurka ne suka bi sawunsa, har kamfanonin KBR da Halliburton suka biya dala miliyan 579 a 2009.

Gyare-gyaren da aka yi daga baya duk sun nufi wuri ɗaya ne, watau raba bakin jami'in da hannun manaja. A 2010 Amurka ta gyara ƙa'idojin nan na 1991, ta ce ko da manyan kamfani ne suka yi laifin ana iya sassautawa, in dai jami'in na da ikon kai magana kai tsaye gaban hukumar daraktoci. A 2016 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna kada babban jami'in bin ƙa'ida ya gaza matsayin janar manaja, a kuma sami darakta mai zartarwa da zai ɗauki alhakin wannan fanni. Ƙa'idar tafiyar da kamfanoni ta ƙasa ta 2018 ta ɗora wa hukumar daraktoci nauyin ɗa'ar kamfani da kare mai tona asiri. In an duba da kyau, ƙoƙari ne na komawa ga abin da Mawardi ya faɗa game da baitulmali. Amma hukumar daraktoci ba baitulmali ba ce. A yawancin kamfanoninmu mai kamfanin ne ke zaɓen daraktocin, sau da yawa daga cikin 'yan'uwa da abokai, don haka an matsar da igiyar ne daga hannun dama zuwa na hagu. Game da tambaya ta biyu kuwa, watau abin da jami'in zai rasa, har yanzu wanda ya yi shiru ya fi wanda ya yi magana tsira da aikinsa.

Komawa kasuwar Batsari

Wani zai ce ina ruwan mutumin Darini da abin da ke faruwa a hukumar daraktoci a Legas. Ruwansa kuwa biyu ne. Na farko, takin da yake saye, da maganin feshi, da iri, da bankin da ke riƙe da kuɗin hatsinsa, duk daga hannun kamfanoni suke fitowa, kuma in buhun taki ya zo da yashi ba sunan dillali a ciki. Na biyu, kasuwarsa ta gida ta riga ta nuna masa abin da ke faruwa in mai lamuni ya daina lamuni.

A kara, watau kasuwar shanu, aikin dillali bai tsaya ga sasanta farashi ba. Shi ne shaidar cewa saniyar nan ta mai ita ce. Ya san mai sayarwa, ya san rugarsu ko garinsu, in daga baya wani ya zo ya gane dabbarsa, dillalin za a kama ya nemo wanda ya kawo ta, daidai da yadda Clapperton ya gani a cinikin turkudi. Da satar shanu ta yawaita a dajin Rugu da kewayensa a shekarun 2010, wannan shaida ta shiga tsaka mai wuya. La'adar dabbar sata ta fi ta halal tsoka, tun da ɓarawo ba ya jayayya a kan farashi. Dillalin da ya ƙi, ko ya tona, ya san inda za a same shi da dare, kuma ba wanda ya tanadar masa kariya. Asarar da a da take kan mai rufa wa ɓarawo asiri sai ta koma kan mai tona shi.

A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, Batsari da Safana na ciki, ta kuma hana manyan motoci fitar da shanu daga jihar. Hukuma ta kai matsayin da ba ta da wanda za ta yarda da shaidarsa a cikin kara, don haka ta rufe karar baki ɗaya. Ɓarawo ya rasa kasuwa ɗaya ya nemi wata a gaba. Manomin da ya yi kiwon rago shekara guda domin ya sayar ya sayi hatsi ko ya biya kuɗin asibiti, shi ya koma gida da ragonsa a daidai watan da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai shigo ba.